Haƙorin Injin Bugu

Injin bugun da wani saurayi ya ƙera ya sake yaga shadda, ta uku ke nan, ga mai kayan zai iso Kiru da la'asar.

Kawunsa, tsohon mai bugu, ya runtse ido yana sauraron ƙarar.

"Injinka ba ya numfashi. Mu sau uku muke duka, a na huɗu mu ɗaga hannu a ja zanen. Cire haƙori ɗaya daga cikin masu ɗaga sandar bugun."

"Kawu, lalata shi zan yi?"

"Cire dai, sarkin gardama!"

Saurayin ya cire, ya tayar da injin. Kaf, kaf, kaf, shiru. Shaddar ta fito lafiya, tana walƙiya kamar ruwan dam ɗin Tiga da hantsi. Ya juyo da ihu, sai ya ga kafaɗun tsohon, da ciwo ya raba da sana'a, suna bin bugun.