Muryar Mai Lauje

Khaulat ta saki ledar dabino a shagon Malam Abdurra'uf da ke unguwar Ƙuba a Madina. Tsohon Ba'indiyen da ke zaɓen dabinon ajwa Jainul Marakkar ne, darakta kuma jarumin finafinan Tamil, wanda Hausawa ke kira Mai Lauje. A Madina aka haifi Khaulat, rabin Hausarta a bakinsa ta koya. Sau uku mijinta Badaru yana goge mata finafinansa, wai muryar shaiɗan ce.

"Khaulat, mu tafi," in ji Badaru. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Ta gaishe da tsohon, ta jefa masa maganarsa ta fim: "Wanda ya taɓa talaka, ni ya taɓa."

Da guntun Larabcinsa ya ce bai gane ba. Ta kunna masa fim ɗaya da ta ɓoye a waya. Ya ga fuskarsa, ya saurara, ya girgiza kai. Shekara talatin yana fim, bai taɓa jin wannan yaren ba.

Ta tambayi tsohon: "Ya'ani ba kai ke magana ba?"

Malam Abdurra'uf ya yi dariya. "Fassara ce, 'yata, a Kano ake ɗora murya. Ga mai ita nan a bayanki. Duk Fagge an san shi kafin ya zo nan karatu."

Ta juya. Badaru ya sunkuyar da kai.

"Shekara shida kana ce min muryar shaiɗan ce," ta ce a hankali. "Ashe ka san mai ita."