Ranar da Na Cire Hula

Na durƙusa gaban Inna, na cire hulata. Rabonta da ganin kaina tun ina yaro.

Ina rarrafe tafasasshen mai ya kuɓuce daga hannunta, ya zubo mini a ka. Wurin ya warke sumul, gashi bai ƙara fitowa ba. Ni ban tuna zafin ba, ita ce ta kasa mantawa. Idan za ta sa albarka, takan dafa kan ƙannena, ni kuwa sai kafaɗa.

Na zaga asibitocin dashen gashi, ko'ina hotuna ake nuna mini. A na ƙarshe, likitan ya sunkuyar da kansa ya ce, "Shafa ka ji, nawa ma dashe ne." Nan na tsaya. Daga ƙeyata ya riƙa ciro gashi ɗai-ɗai yana dasawa a tabon, kamar mai dashen albasa. Da farko ya zube. Na yi haƙuri na watanni, sai ga shi ya tsiro.

"Inna, Yaya ya sayo sabon kai," in ji ƙanwata.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta miƙo hannu a hankali, yatsunta suka lalubi tabon, ba su same shi ba.

"Ikon Allah," ta ce. "Auta, miƙo mini mataji."

Ni da gemuna na zauna a gabanta, tana taje mini kai, tana share ido da gefen mayafi.