Garin Madara a Cikin Kafso

Tun da aka sallamo Kaka daga asibiti, jikanta Dogo ne ke ba ta magani. Ciwon daji ne ya ci mata ƙashin baya. Likita ya ce babu sauran abin yi sai rage mata zafi, ya rubuta wasu kafso masu ƙarfi waɗanda ba a sayarwa sai da takardarsa. Baban Dogo direban babbar mota ne, kullum yana hanya. Goggo, ƙanwar baban, tana gidan mijinta, sai da yamma take leƙowa. Shi ya sa kwalbar ta zauna a hannun Dogo, matashi mai koyon gyaran waya.

"Maigidana ya iso," haka Kaka ke cewa da ta ji motsinsa. "Ka zo da cefane, ko dogon wuyan nan kawai ka kawo mini?"

"Tsohuwa, ni fa na sake ki tuntuni, ke ce kika ƙi tafiya. Buɗe baki."

Wata rana ya karɓo sabuwar kwalba ya biya da ita shago. Abokin aikinsa da ake kira Baturi ya gani, ya zaro ido.

"Kai, ka san abin da ke aljihunka kuwa? Mutane na yawo rana tsaka suna neman wannan!"

"Na tsohuwa ne."

"To wa ya ce ka cinye? Ɗanɗanawa za mu yi, mu ji abin da manya ke ji. Ko har yanzu kai ɗan goye ne?"

Dogo ya san in kwalbar ta ragu Goggo za ta gane. Amma hannun da ya saba buɗe cikin waya ba zai gaza buɗe kafso ba. Ya sa ɗan hantsakinsa ya raba guda biyu, ya zazzage garin a takarda, ya cika su da garin madarar shayinsu, ya mayar ya rufe tsaf. Ko wanda ya ƙera su ba zai gane ba. Garin maganin kuwa shi da Baturi suka shanye.

Daga biyu aka koma biyar. Kafin wani lokaci, duk kwalbar da ta shigo gida sai ta fara bi ta teburin Dogo. Kaka kuwa madara take haɗiya da bismilla.

Zafi ya dawo mata gadan-gadan. Takan cusa bakin zane a baki ta cije, don kada maƙwabta su ji. Goggo ta koma wajen likita ta ce magani ba ya aiki. Likita ya ƙara yawan abin da za a riƙa ba ta. Bai yi ba, ya sake ƙarawa. Baturi har da tafi: "Allah ya ja kwanan tsohuwa!"

Ran nan da hantsi Dogo ya shigo ya tarar da ita a ƙasa, ta faɗo daga gado, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Ya ɗaga ta, ba ta fi nauyin yarinya ba. Ta riƙe masa riga.

"Maigida, ko wani laifi na yi wa Allah ne? Kowa ya sha magani ya ji sauƙi, ban da ni. Ka yafe mini, ɗan nan, na hana ka zaman shago."

Dogo ya shige bayan gida ya yi kuka kamar ransa zai fita. Ya rantse ya bari. Da aka sayo sabuwar kwalba bai taɓa ko guda ba. Amma bai gaya wa kowa abin da ya yi a baya ba. Kunya ta rufe masa baki, a ganinsa ai ya gyara.

Da safe ya ba ta cikakken abin da likita ya rubuta na ƙarshe, na gaske, babu madara. Ba a jima ba fuskarta ta saki.

"Yau kam ka iya aure," ta ce, tana lumshe ido. "Ja mini ƙofa, barci zan yi."

Ya tafi shago zuciyarsa fes. Da yamma Goggo ta zo ta yi ta tashinta, Kaka ba ta motsa ba. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Likita ya yi ta juya kwalbar. "Abin da mamaki. A hankali na riƙa ƙara mata, ya kamata a ce jikinta ya saba. Wa ke ba ta?"

Nan Dogo ya durƙusa ya faɗi komai. Goggo ta ɗora hannu a ka. Likita ya dube shi ya ce, "Yaro, jikin da ya saba da madara ka ɗura wa wannan gaba ɗaya. Shi ya tsayar mata da numfashi. Da ka zo ka raɗa mini ko a kunne ne, da na mayar da shi kaɗan."

Washegari baban ya iso, ko ƙurar hanya bai karkaɗe ba. Dogo ya so a ce baban ya dake shi, ko ya samu sauƙi a ransa. Amma baban bai ɗaga hannu ba. Cewa kawai ya yi, "Uwata na bar maka." Ya wuce ɗakinta ya zauna a bakin gado.

Samari, ku ji da kyau: babu wani abu wai shi ɗanɗanawa a harkar ƙwaya, kuma ba mai sha kaɗai take kashewa ba. Iyaye, maganin mara lafiya ku riƙe shi da hannunku. Wanda kuma ya riga ya yi ɓarna, ya buɗe baki ya faɗa tun da sauran gyara.