Kitson da Inna Ta Yi Mini Ana Gobe Tafiya

Ina da shekara takwas likitoci suka ce ƙanena Sadiƙu yana da huji a zuciya, sai an kai shi Indiya an yi masa aiki. Ana gobe za su tafi shi da Inna, bayan la'asar, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta a tsakar gidanmu na Yelwa, ta buɗe gwangwanin man kaɗanya ta fara yi mini kitso.

Ƙanana-ƙanana take yi, tana ja sosai. Hannunta yana ƙanshin hayaƙin kifin da ta banda musu na guzuri. Duk sanda Sadiƙu ya yi tari a ɗaki sai yatsunta su tsaya, ta saurara, sannan ta ci gaba.

Na ce, "Inna, da zafi."

Ta ce, "Yi haƙuri, ɗiyata. So nake ya kai har in dawo. Kakarki ba ta gani sosai, ba za ta iya yi miki ba."

"Yaushe za ki dawo?"

Ta duƙar da kaina ta tsaga wani layi. Ban ƙara cewa da zafi ba, don kada ta yi sauri ta gama.

Wata biyar suka yi. Sadiƙu ya warke, yau ma magidanci ne, kuma a gidanmu kowa ya san labarin tafiyarsa. Ni kuwa har yanzu Inna ba ta taɓa tambayata wa ya tsefe mini kan ba.