Gishiri da Ruwan Zafi

Tun hantsi saniyar ke naƙuda, ƙafa ɗaya kawai ta leƙo, ita ma ba ta motsi.

Matar ta tsaya a bakin shinge tana cizon leɓe. Wannan saniyar ce kaɗai mijinta ya mutu ya bar mata, da nononta take ciyar da 'ya'ya uku. Kuma irin shanun nan ne da ba sa sakin nono sai ɗansu na gefe. In ɗan ya mutu, hantsa ta kafe.

Mutum ɗaya ne ya iya aikin a kusa: yayan mijinta, wanda tun rabon gado ya kafa shinge a tsakiyar gona ya daina amsa gaisuwarta. Ta tsane shi, shi ma bai taɓa ɓoye tasa ba. Shekaranjiya saniyarsa ta haihu lafiya lau, ko barka ba ta yi masa ba. Yau ga ta tana ƙwala masa kira.

Ya zo fuska a murtuke. Ya zura hannu har kafaɗa, ya daɗe yana lalube, sannan ya zaro ya goge a wando. Ya koma gida. Da ya dawo, baro yake turowa lulluɓe da buhu, ya ajiye bayan rumfa.

"Yaya, yana da rai?"

"Da kika bar ta tun safe tana wahala, ni kika tambaya? Miƙo gishiri. Sannan ki je ki tafasa ruwa, tukunya cike. Kada in ga ƙeyarki sai ya tafasa."

Ta tafi tana haɗiye zagi. Itacen ɗanye ne, hayaƙi ya cika mata ido, ruwan ya ƙi tafasa kamar da gayya.

Ta dawo ta tarar da ɗan maraƙi jiƙe sharkaf da ruwan haihuwa, an barbaɗe bayansa da gishiri, saniyar na lasarsa ba ji ba gani. Har ya miƙe tsaye, ko tangaɗi babu. Ta durƙusa tana kuka, ta shafa kansa, ta shafa busasshiyar cibiyarsa.

Yayan ko kallon ruwan zafin bai yi ba. Ya ɗaure bakin buhu, ya ɗaga baron da nishi.

"Mene ne a ciki?"

"Mabiyiya. Ko ita ma gadonki ce?"

Godiyar da ta taso mata ta koma ciki. "Allah ya raka taki gona," ta ce, ta tofar da yawu.

Da la'asar kukan saniya ya hana ta sakat. Daga tsallaken shinge yake fitowa, ba ƙaƙƙautawa. Ta fita a fusace, yau sai ta gaya wa mutumin nan ya ja wa dabbarsa kunne.

Saniyarsa ce tsaye ita kaɗai, ta manna ƙirji a shinge, nono na ɗiga daga hantsarta. Can gefe yayan yana ta mayar da ƙasa cikin wani sabon rami, ya ba ta baya.

Saniyar ta sake yin kuka. A cikin rumfar matar, ɗan maraƙin ya saki nonon da yake tsotso, ya juyo, ya amsa wa uwarsa.