Tikitin Inna

"Wallahi Yaya, ka ji kunya! Za ka kwashi matarka da 'ya'yanka zuwa babban wurin wasan nan na Jidda, kwana biyu har da otal, ka bar Inna a unguwar Tandabawi tana gadin bango?"

Mustafa ya miƙa wa ƙaninsa waya. "Kai Hafizu, bakinka ya fi hankalinka sauri. Duba tikitin."

Biyar ne, na biyar ɗin da sunan Inna.

Jikin Hafizu ya yi sanyi. Inna kuwa har ta ciro abayarta ta Sallah tana sa albarka. Shekara ashirin tana sayar da tsabar ciyar da tattabaru cikin rana, yau ɗanta zai kai ta ta huta.

Sai idon Hafizu ya faɗa kan ƙaramin rubutun Larabci a ƙasan sunan: shaggala, mai rainon yara.

"Abokan aikina ma za su je," in ji Mustafa ƙasa-ƙasa. "Ka ja mata kunne, kada ta ce mini ɗana."

Hafizu ya ɗago ya dubi yayansa.

Inna ta leƙo wayar tana murmushi. "'Yan albarka, wa zai karanta mini abin da aka rubuta a kaina?"