Kuɗin Kokawa da Rumbunan Kwari

Kai da kake cewa kowa tasa ta fishshe shi, gyara zama ka ji wannan.

An yi wani manomi a wani kwari mai ƙauyuka bakwai, mutum mai jiki da saurin gumi, wanda jama'a suka ɗora wa shugabancin 'yan sa-kai masu kashe gobara. Aikin ba albashi. Kayan aikinsu bokitai ne da rassan darbejiya na bugun wuta, sai wani tsohon kuge da ake kaɗawa in an hango hayaƙi. Mutanensa ba ragwaye ba ne, amma sabis ɗin waya bai sauko kwarin ba. Kafin labari ya iso a ƙafa, a ɗebo ruwa a rafi, a ruga, sai dai a tarar da toka a yi jaje. Kaka uku a jere yana tsayawa a gaban rumbun wani da wuta ta cinye, ƙaurin gero ya bi shi har gida ya hana shi cin tuwo.

A kan dutsen da ke gabas da su kuwa akwai wata ƙaramar ƙabila mai yarenta daban. Ƙasarsu tsakuwa ce, noma ba ya auki, amma Allah ya ba su kokawa. Duk bayan girbi sukan buɗe fage na mako guda, mutane su yi ta zuwa da motoci daga birane suna biyan kuɗin shiga, har ƙabilar ta gina makaranta da ɗakin shan magani. Mutanen kwari dai sukan taɓe baki su ce wasa ai wasa ne. Shi ya sa da manomin ya ji dattawan dutse suna ware wani kaso na kuɗin kokawa don taimakon maƙwabta, ya daɗe yana jin nauyin hawa, don shi ma yana cikin masu taɓe bakin. Matarsa ce ta gaya masa kunya ba ta kashe wuta. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya hau yana haki, ya zauna gaban dattawa ya faɗi buƙatarsa ba ƙari ba ragi. Sarkin kokawa, wani tsoho da kunnensa ɗaya ya lanƙwashe tun zamanin da yake shiga fage, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Mu daga nan sama muke fara hango hayaƙinku, mu yi ta kallo ba yadda za mu yi. Geron da ke ƙonewa kuma shi muke saye mu ci. Ai ka yi jinkirin zuwa, malam."

Kafin ruwan farko ya sauka, kayan da dattawan dutse suka saya musu suka iso. Kowane ƙauye ya samu wayar oba-oba da farantin sola na caji, aka ajiye ɗaya a kan dutse, ga kuma babur mai ƙafa uku ɗauke da tanki da injin feshi da doguwar mesa. Koyon aikin ya zama abin nishaɗi. Ranar farko manomin ya manta yatsansa a kan maɓallin oba-oba, ƙauyuka bakwai da mutanen dutse suka ji shi yana faɗa da akuyarsa. Ranar da aka fara tayar da injin kuwa, mesa ta ƙwace ta kai shi ƙasa a gaban surukansa. Ya tashi jagab yana dariya, ya ce a sake.

Da kaka ta zagayo, wata ranar kasuwa da tsakar rana, maza duk sun tafi ciniki, wuta ta tashi a madafin wata tsohuwa mai ginin tukwane a ƙauyen da ya fi kowanne nisa. Iska tana kaɗawa wajen layin rumbuna, an gama cika su ke nan. Wata mata a kan dutse tana shanyar kuɓewa ta hango baƙin hayaƙi, ta ɗauki oba-oba ta faɗi sunan ƙauyen da gurguwar Hausarta sau uku. Manomin yana tayin buhun gyaɗa ya ji, ya bar mai gyaɗar da baki buɗe. Mutanensa suka fito daga rumfuna, suka ɗare babur, wasu suka bi a guje. Suka iske wutar ba ta gama da ɗakin tsohuwar ba, harshenta yana miƙewa wajen rumbun farko. Wannan karon mesar ba ta ƙwace ba. Da hayaƙi ya lafa manomin ya bi layin yana dafa rumbunan ɗaya bayan ɗaya, duk suna tsaye, sai jinkar ɗaki guda da ta tafi. Ya zauna a cikin taɓo, mata suna ta guɗa, shi kuma ya rasa dariya yake yi ko kuka.

Washegari 'yan kokawa suka gangaro da kiɗansu, kowa da damin shuci a ka. Suka haɗu da manoma aka ɗaure sabuwar jinka a ƙasa, tsohuwar tana zagayawa tana gyara musu aiki. Da aka zo ɗorawa, manomin ya kama gefe ɗaya, ƙattin dutse da na kwari suka jeru kafaɗa da kafaɗa, sarkin kokawa ya ba da murya, jinka ta tashi sama ta zauna daram a kan ɗakin.

To ka ji. Shi ya sa magabata suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.